Babur Ba Agajin Gaggawa Ba Ne

Tayar da zancen koya wa ma'aikata agajin gaggawa a Kutama, ka ji amsar masu gida: "Ai wannan na kamfanonin Bompai da Sharaɗa ne. Mu nan in wani abu ya faru, sai a ɗora mutum a babur a nufi asibitin Gwarzo." Ni kam ban yarda ba, domin wannan tunanin rai yake ci.

Idan wutar lantarki ta ja mai walda zuciyarsa ta tsaya, minti 4 zuwa 6 ya isa ƙwaƙwalwarsa ta soma mutuwa. Wane babur ne zai kai Gwarzo ko Kabo a wannan ɗan lokaci? Abin da zai cece shi yana hannun abokin aikinsa: a kashe wutar tukuna, a kwantar da shi rigingine, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Mu kuwa me muke yi? Mu sheƙa masa ruwa, mu cusa cokali a baki, jama'a su yi masa zobe ana salati. Yaron da bel ɗin injin niƙa ya fizge wa hannu kuma, maimakon a danne ciwon da tsabtataccen ƙyalle, sai a barbaɗa masa ƙasa ko a zuba baƙin mai.

Tun 1987 dokar masana'antu ta Najeriya ta wajabta ajiye akwatin agaji, a kuma damƙa shi ga wani takamaiman mutum da ke wurin a lokacin aiki. Mai gidan bulo ko mai injin casa zai ce shi ba masana'anta gare shi ba. To, amma ɗan mutane da ke ɗaga masa siminti amana ne a wuyansa. Ajali na Allah ne, ba musu. Sakaci kuwa na bawa ne. A Maris na 2020 ɗan ƙwallo Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a filin wasa na Lafiya, motar asibitin filin ta ƙi tashi, ya rasu. Birni ke nan fa.

Masu koyarwa ma ba nema za a yi ba. Akwai Red Cross, akwai 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam. Kowane mai gida ya tura yara biyu su koya, ya biya su kuɗin yinin, ƙaramar hukumar Gwarzo kuma ta riƙa tambayar shaidar horon kafin ta sabunta masa izinin sana'a.