Ƙusa Ba Ta Riƙe Dirka Bisa Kankare

A ƙasar Amurka, tun cikin 1896 gidan waya ya fara kai wa manoma wasiƙunsu har ƙauye. Saboda haka manomi ya kan kafa akwatin wasiƙa a bakin hanya bisa dirka, yadda ma'aikaci zai saka takarda ba sai ya sauko daga mota ba. Ƙa'idar gidan waya kuwa, akwatin ya tashi inci 41 zuwa 45 daga kan hanya.

Inda daɓen kankare ne ba halin haƙa rami, sai a sa wa gindin dirkar farantin ƙarfe mai huji huɗu a ɗaure. To, a nan ne rowa ke cutar mutane. Wani ya kan buga ƙusa, watau wai ya yi arha. Ƙusa kuwa ba ta da abin kamawa cikin siminti. Iska ta kaɗa yau, ta kaɗa gobe, ramin ya yi faɗi, dirka ta kwanta. Manomin ƙasar Hausa mai kafa dirkar rumfa ko injin niƙa bisa daɓe, aikinsa ɗaya ne da wannan.

Abin da ya kamata shi ne noti mai zobe a gindi, wanda in an ɗaure shi da sifana zoben ke buɗewa ya ciji kankare. A huda rami daidai kaurin notin, zurfinsa ya ɗara da rabin inci, sa'an nan a hure ƙurar sarai, don ƙura ke hana zoben kamawa. Kada a huda dab da gefen daɓe. Notin rabin inci na bukatar aƙalla inci biyu da rabi daga gefe, im ba haka ba gefen ya ɓalle. Sabon daɓe kuma lalle ne a bar shi kwana 28 ya nuna. In bulo ne mai rami, wannan noti ba nasa ba ne; sai mai doguwar riga. Kowanne aka saya, a nemi wanda ba ya tsatsa, ko da ya fi tsada.

Amma ƙarfin ma da iyaka. Hukumar hanyoyi ta Amurka ta ba da shawara dirkar bakin hanya ta zama katako mai inci 4 kowane gefe, ko bututun ƙarfe mai kaurin inci 2, domin in mota ta kauce ta buge ta, dirkar ta karye, direba ya tsira.