Tiyon mai: kada araha ta ƙone mana dukiya



A cikin bazarar da ta wuce, bisa hanyar Badagishiri zuwa Ilela, na tarar da wata Peugeot 504 tana ci da wuta. Allah ya kiyaye, fasinjoji sun fita da ransu, amma buhunan albasa da kayan wani ɗan kasuwa sun zama toka. Da na tambayi direban, sai ya ce tun daga Tsarnawa yake jin warin mai, ya ɗauka jarkar da ke baya ce. Ashe tiyon mai ne ya tsage kusa da salansa.

Irin wannan mota kowa ya san ta a Ƙonni da Malbaza da Ilela. Gangar jiki daga Kaduna, inda aka fara harhaɗa Peugeot a 1975. Inji na hannu daga Kwatano. Tanki kuwa maƙerin unguwa ne ya yi masa ƙari. Makanikanmu sun cancanci yabo, domin su ne ke tayar da motar da aka fid da rai da ita. Sai dai idan aka canza inji ko tanki, dole hanyar mai ta canza, kuma a nan ne ake yin sakaci.

Ga dalilin da ya sa abin ke da hatsari. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau 3 zuwa 4, saboda haka ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙarƙashin mota da cikin but. Tartsatsi ɗaya daga wayar batir ya ishe shi. Bakin salansa, inda ya haɗu da inji, zafinsa yakan wuce digiri 400, alhali fetur na iya kamawa da kansa kafin digiri 300. Ga kuma ranarmu ta Afrilu da Mayu, mai haura digiri 40, wadda ke busar da roba har ta tsattsage.

Don haka, mai mota ya tsaya a garaji ya duba abubuwa biyar da idonsa. Na farko, doguwar hanya daga tanki zuwa inji ta zama bututun ƙarfe, roba kuwa sai a gaɓoɓi kawai, kuma robar da aka yi domin mai. Tiyon ban ruwa na lambu fetur yana cinye shi. Na biyu, bututun ya bi gefen da babu salansa. In ya zama tilas su kusanci juna, a bar aƙalla taƙi guda, a sa farantin ƙarfe tsakani. Na uku, a ɗaure shi a jikin mota kamar kowane santimita 30, sama da ƙasan shasi, don kada dutsen hanya ya same shi, kuma duk inda ya ratsa ƙarfe a sa zoben roba. Na huɗu, kada a ɗaure shi tare da wayar lantarki, kada kuma ya bi ta cikin wurin zaman fasinja. Na biyar, a lura da irin injin: famfon tsohon inji mai kabireta a hankali yake tura mai, amma na sabon inji mai allura ƙarfinsa ya ninka wancan kusan sau 10. Gaɓar da aka murɗe da waya ba za ta riƙe shi ba.

A Ingila akwai masu harhaɗa mota a gida don sha'awa, amma hukuma ba ta ba su lamba sai sun wuce wani bincike, IVA, wanda aka fara a 2009, kuma hanyar mai na cikin abin da ake dubawa. Mu a nan, motar da aka yi wa haɗe-haɗe mutum tara ko goma take ɗauka. Ya kamata ma'aikatan da ke binciken lafiyar motoci, da jandarmomi, da shugabannin tasha su riƙa leƙa ƙarƙashinta, kada su tsaya ga takardu kaɗai. Ba mu manta da tankar da ta fashe kusa da filin jirgin Yamai a watan Mayu na 2019 ba, inda sama da mutum 50 suka rasu. Fetur ɗaya ne, a tanka ko a tiyo.

Ɗan kasuwa, kai da ke biyan kuɗin ɗaukar kaya, kana da ikon tambaya. In ka ji wari, ka sa direba ya tsaya ya kashe inji. In wuta ta kama, rairayi ne maganinta, domin ruwa ƙara baza ta yake yi. Araha dai ba ta ado, tiyon kirki kuma bai kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.