Tallan Dole Ba Kasuwanci Ba Ne

Jama'a, yau da faɗa na zo, kuma da 'yan uwana marubuta zan yi shi.

Kwanan baya wata marubuciya ta same ni a Gyadi-Gyadi rai a ɓace. Wai ta biya wani yaro a Tarauni kuɗi, ya tura mata adireshin imel na dubban mutane, ta watsa musu tallan sabon littafinta, amma shiru kamar an aiki bawa garinsu. Da ta bincika sai ta tarar saƙon nata kwandon shara yake faɗawa, wato spam. Wai ai Turawa ne suka tsani Hausa. Na ce, "Haba Hajiya! Waye a cikin mutanen nan ya ce ki aiko masa?"

Ko 'yar tallan gyaɗa sallama take yi daga zaure. Mu kuwa sai mu faɗa wa mutum har ɗaka, sannan mu yi fushi don an kore mu.

Matatar nan halinka take dubawa. Duk wanda ya danna cewa saƙonka shara ne, ya shafa wa sunanka baƙin fenti. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara ƙa'ida. A Gmail, mai aika saƙo 5,000 a rana dole ya tabbatar da ko shi wane ne ta hanyar SPF da DKIM da DMARC, ya ba mai karɓa damar ficewa da dannawa ɗaya, kuma masu ƙorafi kada su kai 3 cikin 1,000. To adireshin da aka sayo a bayan fage, yaya za a yi ya tsallake wannan siraɗi?

Kada kuma mu manta da tabon da muke ɗauke da shi. Wasiƙun 'yan 419 sun zubar da mutuncin saƙon Najeriya a duniya, har dokar 2006 ta tilasta wa masu shagunan intanet yin rajista da EFCC. Wanda ake zargi da sata ba ya haura katanga. Sannan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba kowa ikon ƙin karɓar talla.

Mafita a fili take. Ki nemi izinin mai karatu. Ki sa sunanki na gaskiya. Ki bar manyan baƙaƙe da "GARABASA!!!" a kanun saƙo. Wanda ya ce a cire shi, ki cire shi ba gardama. Masoya 200 da suka rubuta adireshinsu da hannunsu sun fi baƙi 20,000 da ba su san ki ba.

Masu sayar da adireshin bayin Allah kuma, ku ji tsoron Allah, amana kuke ci.

Wanda ya ji haushi, fili a buɗe yake. Allah Ya sa mu gyara.