Kafin ka ƙwace wayar, Alhaji

Iyayenmu na New Bell, ina da koke. A ajina yaro yakan rubuta shirin JavaScript da biro a takarda, ya haddace shi tsaf, har ya zauna jarrabawar Probatoire, amma bai taɓa ganin shirin ya yi aiki ba. Kwamfutocin makaranta ba su isa ba, ga ɗauke wuta.

Alhali maganin yana aljihunmu. Akwai Jupyter, littafin rubuta shirin kwamfuta da ya samo asali daga IPython a 2014. Google na da irinsa, Colab, kyauta, kuma yana buɗewa a Chrome na waya in akwai data da adireshin Gmail. Yaro ya rubuta %%javascript a layin farko, ya sa shirinsa a ƙasa, ya danna. A cikin wayar shirin zai gudana, ya ga sakamako nan take. Wata ɗalibata ta manta rufe baka ɗaya, babu abin da ya fito. Da kanta ta gano kuskuren, kuma ba ta sake yin sa ba.

Sai dai a kula: tunda a wayarka shirin yake aiki, kada yaro ya danna littafin da wani ya turo ta WhatsApp bai karanta ba.

Na san wayar tana cinye lokacin yara, wallahi na sani. Amma Alhaji, kafin ka ƙwace, zauna da shi bayan Isha'i, ka ce ya nuna maka abin da ya rubuta.