Tsuntsun Littafi da Tsuntsun Ƙofar Gida

Kwanan baya wata yarinya 'yar aji huɗu a unguwarmu ta Tampouy, nan Wagadugu, ta dawo daga lakwal tana ɗokin nuna mana zanen da ta yi. Farin tsuntsu ne mai dogon wuya a lanƙwashe, yana iyo a kan shuɗin ruwa. Ta ce sunansa "cygne". Kakarta ta karɓi littafin, ta nisanta shi da idonta, ta ce, "Jikalle, wannan balbela ce ta samu wurin kiwo?" Aka yi dariya. Da dariya ta lafa sai tsohuwar ta tambaye ta ko ta san shamuwa. Yarinya ta girgiza kai.

Ba mu ga laifin malaminta ba, hasali ma yabo ya cancanta. Mako guda ya ɗauka yana juya darussa a kan tsuntsu ɗaya: sun karanta labarin mummunan ɗan agwagwar nan da ya girma ya zama farin tsuntsu, wanda Andersen ɗan ƙasar Danmak ya wallafa a 1843, sun yi shifta da kalmominsa, sun yi lissafi da ƙwayayensa, sun zana shi. Dabara ce mai kyau, domin kan yaro ba a yanka shi gida-gida kamar jadawalin aji ba. Abin da ya gani a darasin karatu, in ya sake cin karo da shi a lissafi, ya fi zama. Inda muka tsaya muna tunani shi ne zaɓin tsuntsun. Wannan halitta ba ta rayuwa a dajin Afirka ta Yamma, Hausa ba ta da suna nata, kuma babu ko ɗaya cikin yaran ajin da zai iya fita ya duba ko abin da aka gaya masa gaskiya ne. Darasin da ba a iya dubawa hadda ce, ko da an yi masa ado da fenti.

Ga shamuwa kuwa, duk abin da malamin nan yake nema tana da shi, har da ƙari.

A ɗauki labarin ƙasa. Shamuwa tana iso mana gab da faɗuwar damina, wajen watan Mayu, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya cikin gari, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta, sannan ta tashi idan kaka ta kama. Ina take zuwa? Iyayenmu sun san tana tafiya, ba su san inda take sauka ba. Yau an sani: tana bin ruwa ne zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke sauka a lokacin da mu muke cikin hunturu. Masu bincike sun ɗaura wa wasu shamuwoyi na'urar bin sawu a Nijar, suka bi su har Tanzaniya. Daga Wagadugu zuwa tafkin Biktoriya ya haura kilomita 4,000. Malami ya shimfiɗa taswira, ya sa yaro ya bi hanyar da yatsa, ya faɗi ƙasashen da za a ƙetare. Kafin a tashi yaron ya gane abin da manya da yawa ba su gane ba, wato damina ba ƙarewa take yi ba, ƙaura take yi, kuma tsuntsuwar nan tana biye da ita. Lissafi ya biyo baya da kansa: in tana cin kilomita 200 a yini, kwana nawa za ta yi a hanya? In kowace sheƙa tana da ƙwai biyu ko uku, kamar yadda aka saba, 'ya'ya nawa ake sa rai daga bishiya mai sheƙa goma sha biyu?

Kimiyya ma a fili take. Abincin shamuwa fara ne da babe da tsutsa, wato abokan gāban manomi. Kakanninmu sun hana yara jifarta, sun hana taɓa sheƙarta, kuma sun kafa hanin da tsoratarwa iri-iri. Yaron yau ba ya jin tsoratarwa, amma yana jin hujja. A nuna masa me tsuntsuwar ke ci da abin da farar za ta yi wa gero in babu mai cinta, sai ya ga cewa tsofaffin nan ba su yi hani a banza ba. Ba mu san wani darasi da zai daidaita tsakanin jika da kaka kamar wannan ba.

Tarihi kuwa yana cikin sunanta na boko. A littattafan kimiyya ana kiranta da sunan Abdim, wani gwamna a arewacin Sudan zamanin mulkin Turkawa, kuma wani Bajamushe mai suna Lichtenstein ne ya laƙaba mata sunan a 1823. Tsuntsuwar da Bahaushe da Bamoshe da Bafillace suka yi ƙarnuka suna duba zuwanta kafin su fitar da iri, ta shiga kundin duniya da sunan baƙo. Yaran aji shida za su iya yini guda suna gardama a kan wane ne yake da ikon raɗa wa abu suna.

Amma inda abin ya fi taɓa mu shi ne harshe. Mu Hausawan Wagadugu 'yan tsiraru ne. Tun da aka rushe Zangwetin, tsohon zangonmu na tsakiyar birni, a 2003 don shirin sake gina cibiyar kasuwanci, jama'a suka watsu unguwa-unguwa. Yaronmu a Tampouy yana wasa da Mosanci, yana karatu da Faransanci, Hausarsa ta tsaya a gaisuwa da aike da ciniki. Kalmomin da suka fara zubewa su ne na daji: zalɓe, gauraka, kirinjijiya, carki, burtu. Idan sunan ya tafi, karin maganar da ke rataye da shi ta bi shi. Yaya za a yi wa yaro bayanin "balbela, ci da motsin wani" in bai taɓa tsayawa ya ga yadda take bin sawun shanu tana cafke ƙwarin da kofatonsu ya tayar ba? Ga ta nan kuwa kullum a bakin madatsun ruwan da ke maƙwabtaka da mu, tsakanin masu lambun salak da albasa. Tafiyar ƙafa ce daga aji. Har dangin tsuntsun littafin nan muna da su, domin shi da agwagwa da dinya 'yan gida ɗaya ne. Kuma a nan akwai darasin ƙa'idar rubutu kyauta: dinya tana tashi sama, ɗinya ana tsinko ta a bishiya, lanƙwasa ɗaya ce a kan harafi ta raba su.

A ƙarshen 2023 an gyara tsarin mulkin Burkina Faso, aka ɗaga harsunan ƙasa zuwa matsayin harsunan hukuma, Faransanci ya koma harshen aiki. Doka ba za ta shiga aji ta rubuta mana "shamuwa" a allo ba. Harshen da masu shi ba su kawo shi makaranta ba, babu mai zuwa gida ya ɗauko shi.

Mun san abin da za a ce. Iyaye za su ce jarrabawar CEP da Faransanci ake yi, ba da sunan tsuntsaye ba. Gaskiya ne, sai dai babu abin da ya hana a rubuta insha'in Faransanci a kan shamuwa, kuma yaro ya fi iya rubutu a kan abin da idonsa ya gani. Za a ce ajin ba na Hausawa kaɗai ba ne. Wannan ma riba ce: a ja layi huɗu a allo, Mosanci, Fillanci, Hausa, Faransanci, kowane yaro ya tambayo sunan a gida. Ranar nan ɗan tsiraru ma yana da abin kawowa.

Matsala ta gaske ita ce ta lokaci, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Shamuwa tana zuwa ana shirin rufe makaranta, tana tafiya ana buɗewa a Oktoba, mafi yawan zamanta cikin hutu ne. Cikin birni ma manyan itatuwan da take so sun ragu, sai an fita karkara ake ganinta sosai. To, a nan ne ya kamata mu koma ga farin tsuntsun Turai mu ari abin da ya cancanci aro. A Ingila, kowane watan Yuli, ma'aikatan fadar sarki suna bin kogin Temis cikin kwale-kwale suna ƙirga waɗannan tsuntsaye, suna auna 'ya'yansu, suna rubutawa, al'adar da ta yi ɗaruruwan shekaru. Da irin wannan ƙirga ake gane raguwar tsuntsu tun da sauran lokacin gyara. Mu kuwa ungulu ta gagari kora a mahautanmu da kasuwanninmu, ba wanda ya damu da ƙirga ta, sai da muka ɗaga kai muka ga sama ta yi fayau. A 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa.

Saboda haka abin da muke roƙon malaman unguwarmu ƙarami ne. Littafi ɗaya a kowane aji, a rataye shi kusa da allo. Yaron da ya fara ganin shamuwa a shekara ya rubuta rana da wuri da adadi. A gefe a rubuta ranar ruwan fari, a auna shi da gwangwani da rula. Masu zuwa ƙauye hutu su ƙirgo sheƙa, su dawo da lambar a Oktoba. Cikin rani balbela ta riƙe wurin, a kai yara Bangr-Weoogo, wanda sunansa ma da Mosanci dajin ilimi yake nufi. Shekarar farko layi ɗaya ne kawai a littafin. Yarinyarmu mai zane tana aji huɗu, in aka fara bana za ta ga layi uku kafin ta zauna jarrabawa, kuma kakarta ta riga ta yi mata alkawarin nuna mata ta farko.