Wai Thurgood Marshall Karen Farautar Turawa Ne?

Jama'a, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da wani ɗan'uwa ɗalibi ya yaɓa ran da muka yi muhawara a kan gwagwarmayar baƙar fatar Amurka. Wai a ganinsa Malcolm X shi ne namijin duniya, amma alƙali Thurgood Marshall karen farautar Turawa ne, tunda ya yarda ya sa rigar shari'arsu. Nan take zaure ya ɗauki tafi. Haba! Yaushe tafi ya zama hujja a jami'a?

To, bari mu bi ta daki-daki. An haifi Marshall a birnin Baltimore a 1908. A zamanin nan jami'ar jiharsu ta Maryland ba ta ɗaukar baƙar fata a sashen koyon aikin lauya, sai ya tafi Jami'ar Howard, ya fito na ɗaya a ajinsu a 1933. Shekara biyu da gamawarsa ya maka jami'ar nan ta Maryland a kotu, aka tilasta mata ɗaukar wani ɗalibi baƙi, Donald Murray. Ina ka taɓa ganin karen farauta ya fara da cizon ubangidansa?

A 1946, ya je kare wasu baƙaƙe a jihar Tennessee, 'yan sanda suka ɗauke shi da dare suka nufi bakin kogi da shi. Ba don abokan aikinsa sun ƙi rabuwa da bayan motar ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Bai fasa ba. Ƙara 32 ya tsaya wa a gaban Kotun Ƙoli, ya ci 29. Babbarsu ita ce shari'ar Brown ta 1954, wadda alƙalai tara, ba ko ɗaya da ya saɓa, suka haramta ware makarantun gwamnati, na farare dabam, na baƙaƙe dabam.

Ɗan'uwan namu zai ce ai da Shugaba Johnson ya naɗa shi alƙalin Kotun Ƙoli a 1967, baƙi na farko da ya hau kujerar, an toshe masa baki. Ina! Cikin shekara 24 da ya yi a kanta bai daina sukar hukuncin kisa ba. A 1974, da kotun ta hana haɗa makarantun birnin Detroit da na unguwannin farare da ke kewaye da shi, rubuta ƙin amincewarsa ya yi ɓaro-ɓaro. A 1987 kuwa, ana shirin bikin cikar tsarin mulkin Amurka shekara 200, ya fito fili ya ce da nakasarsa aka haife shi, domin ya kau da kai daga cinikin bayi.

Ban ce waliyyi ne ba. Bai yi na'am da karya doka a zanga-zanga ba, kuma bayan rasuwarsa a 1993 takardu sun nuna ya riƙa tsegunta wa hukumar FBI labarin 'yan kwaminis. Wannan tabo ne, ba zan rufe shi ba. Amma tabo dabam, cin amana dabam.

Ciwon da ke damunmu, 'yan'uwa, shi ne auna gwarzo da zafin harshensa. Malcolm ya farkar da zukata, Marshall ya buɗe ƙofar aji, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda zai zagi mutumin nan, ya fara nuna mana ƙofa ɗaya da shi ya taɓa buɗe wa wani.