FAMFO YA YI SANYI: INA LAIFIN YA KE?

Duk wanda ya yi bazara a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya san wannan kuka. A buɗe famfo, ruwa ya zo siriri kamar zare, ko kuwa ya yi tari ya tofar da iska ya yi shiru. Abin da mai gida ya kan fara faɗi shi ne hukuma ta hana ruwa. Wani lokaci gaskiyarsa ce. Amma mu a ganinmu, da yawa daga cikin wannan wahala a cikin gida ta ke kwana, kuma mutum mai ilmi bai kamata ya ɗora wa wani laifi ba sai ya bincika. Ruwa ba ya tsami banza. Sabo da haka mu ke so mu yi magana da malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, don su ne jama'a ke tambaya, su ne kuma a ke koyi da gidajensu.

Da farko ya kamata a san inda ƙarfin ruwa ya ke fitowa. Ba daga girman tanki ya ke fitowa ba, daga tsawonsa ne bisa ƙasa. Abin da a ke aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin saman ruwan da ke cikin tanki da bakin famfo. In tazarar nan ta kai mita 10, watau kamar ƙafa 33, ruwan zai danna da nauyin kilo ɗaya a kan kowane ɗan fili mai faɗin farcen yatsa. In mita 1 ce kawai, kashi ɗaya cikin goma na wannan za a samu, ko da tankin ya kai girman ɗaki. Magabata sun san wannan. Da En'e ta Kano ta kawo ruwan famfo daga Challawa a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ai bisa tudu a ka kai ma'ajiyar ruwan, don ya gangaro wa birni da kansa. Har yau ma'ajiyar ruwa na bisa Goron Dutse.

To, mu dubi garuruwanmu. Ga madatsar Mairuwa nan kusa, amma don ta shayar da Funtuwa a ka gina ta. Yawancin gidajen da ke da famfo a ƙasashen nan uku da rijiyar burtsatse su ke dogara, inji ya tura ruwa cikin tanki, tanki ya raba wa gida. Nan ne a ke yin kuskure na farko. Mutum ya kashe kuɗi mai yawa ya sayi babban tanki, sa'an nan ya yi rowar ƙarfen da zai ɗaga shi, ya aza shi bisa ɗan gini daidai da kan mutum. Famfon tsakar gida da ke can ƙasa zai yi ta zuba, amma na wanka da ke sama ba zai taɓa yin ƙarfi ba, kome yawan ruwan. Maganinsa a ɗaga tanki. Sai dai a yi hattara: lita 1,000 na ruwa nauyinta ton ɗaya ne cif, kuma ba a aza ton ɗaya ko biyu bisa siraran ƙarafa a inda yara ke wasa.

Abu na biyu bututu ne. Masu gini su kan ja bututu mai rabin inci tun daga tanki har ƙarshen gida don ya fi araha, alhali kuwa bakin bututu mai inci ɗaya ya ninka na rabin inci sau huɗu. Ruwa na gogar jikin bututu in yana tafiya, kuma kowace gwiwa da kowace mita da a ka ƙara tana rage masa ƙarfi. Alamar wannan ciwo a fili ta ke: famfo ɗaya na zuba lafiya, da an buɗe na biyu sai duka su yi sanyi. Daidai shi ne babban bututu ya sauko daga tanki, ƙanana su yi rassa daga jikinsa. Tsohon bututun ƙarfe kuma ya kan yi tsatsa daga ciki har hanyar ta tsuke, ga shi a waje lafiya lau. In ruwan farko na safe ya fito ja-ja, to, shi ne. Na roba ba ya tsatsa, amma in an bar shi a rana ya kan bushe ya tsage.

Abu na uku ƙasarmu ce da kanta. Ƙarƙashin kudancin Katsina dutse ne, ruwa kuwa cikin tsagoginsa da rubabben dutsen da ke bisansa ya ke taruwa, ba cikin yashi mai zurfi ba. Shi ya sa rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya su kan bambanta ƙwarai, kuma daga watan Maris zuwa Mayu ruwa ya kan ja ƙasa. In inji ya fi ƙarfin rijiya, sai ya zuƙe ruwan ya shiga jan iska da laka. Iskar ita ce ke sa famfo tari, lakar kuwa ta taru a gindin tanki ta toshe kan famfo da ƙwallon da ke rufe bakin tanki. Mai gida ya ga haka sai ya sayo inji mafi girma, ya ƙara wa kansa asara. Ƙaramin inji da ke ja a hankali yini guda, irin mai aiki da hasken rana, ya fi dacewa da irin wannan rijiya.

Ba a bukatar kayan aiki masu tsada kafin a gane wanne ne cikin waɗannan. A fara da tambaya uku. Unguwa duka ce ta rasa ƙarfin ruwa? To, laifin na babban bututu ne ko na rijiyar gari. Gidanka ne kaɗai? A dubi tanki, da makullin ruwa, ko wani ya rufe shi rabi. Famfo ɗaya ne kaɗai? Kansa ne ya toshe, a kwance a wanke. Sa'an nan a sami jarka mai lita 20 da agogo, a auna mintin da ta ke ɗauka kafin ta cika a kowane famfo, a rubuta. In an sake aunawa bayan wata uku a ka ga lokacin ya ninka, an san wani abu na faruwa tun bai yi nisa ba. Don gane yoyo kuma, a rufe kowane famfo da dare, a yi alama a jikin tanki daidai inda ruwa ya tsaya. In gari ya waye ruwan ya sauka ba wanda ya taɓa, akwai inda ya ke zurarewa. A nemi inda ƙasa ke da danshi da rani, ko inda ciyawa ta yi kore ita kaɗai, ko bangon da fentinsa ke ɓarewa.

Wani zai ce duk wannan maganar jin daɗi ce, wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa ina ruwansa da ƙarfin famfo? Nan ne mu ke so a saurara da kyau, don maganar ta rai ce. Muddin bututu na cike da ruwa mai ƙarfi, in yana da tsaga, ruwa waje ya ke fita. Da zarar ƙarfin ya faɗi, ko a ka ɗauke ruwa, sai abin ya juya: bututun ya riƙa tsotso abin da ke kewaye da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku duba a garuruwanmu inda a ke bi da bututun gidaje. Sau nawa mu ke ganinsa kwance cikin kwata, an ɗaure tsagarsa da tsumman roba, ko kuwa ya wuce dab da masai? Ruwan da ya fara zuwa bayan ɗaukewa, da ƙazantar nan ya ke tahowa, shi kuma yaro zai tara ya sha. A 1854 likita John Snow ya bi sawun annobar amai da gudawa a wata unguwa ta Landan har ya kai ta ga famfo guda da ƙazanta ta shiga ruwansa. A 2021 cutar nan ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Katsina kuwa na cikin inda ta yi ɓarna. Rashin tsaro na shekarun nan ya kuma koro mutanen ƙauyuka da yawa zuwa cikin gari, famfon da a ka yi don gida goma ya koma yana shayar da ninkin haka.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ba za mu yi shiru a kanta ba. Inda a ke da bututun gari, wani mai hali ya kan haɗa injinsa kai tsaye da shi, ya zuƙe ruwan zuwa tankinsa. Gidansa ya cika, na maƙwabtan da ke gaba da shi ya ƙafe, tsotson injin kuma ya jawo ƙazanta cikin bututun kowa. Wannan cin haƙƙin maƙwabci ne, ko da ba a kama mutum ba. Wanda ke son inji ya tara ruwa a tankin ƙasa tukuna, sa'an nan ya tura shi sama daga can. Haka kuma haɗa inji kai tsaye da famfunan gida ya kan kawo ƙarfin da ya wuce kima, a riƙa jin bututu na bugawa in an rufe famfo, mahaɗai su riƙa ɓallewa.

Abin da mu ke roƙo ba mai yawa ba ne. Malamai, ku mai da wannan darasi. Gwangwani mai huda uku a jere daga sama zuwa ƙasa ya isa ya nuna wa ɗan aji huɗu cewa hudar ƙasa ta fi harba ruwa da ƙarfi. Lissafin jarka da agogo kuwa ya fi lissafin da ba ya shafar rayuwar yaro. Ku sa su auna famfon makaranta kowane wata su rubuta a bango. Akawuna, in an kawo ƙarar fashewar bututu, a rubuta rana da unguwa da wanda a ka tura, don ƙarar da ba a rubuta ba ta mutu tun a bakin ƙofa. Hukumar Ruwa ta Jiha da ƙananan hukumomi kuma, mu na roƙo su fid da bututu daga kwata, su sanar da jama'a ranakun da za a saki ruwa, su kuma horad da samari aikin gyaran famfo a kowace gunduma, don rijiyar da a ka buɗe da biki kada ta mutu sabo da ɗan abin da bai kai kuɗin buhun masara ba.

Masu gida kuma kowa ya wanke tankinsa kafin damina da bayanta, ya rufe bakinsa, ya tafasa ruwan sha in ya ga launinsa ya sāke. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In mun yi namu, sa'an nan bakinmu zai yi nauyi ranar da mu ka je neman na hukuma. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da annoba, amin.